Wutar Lantarki: Abin da ke Hannun Mai Amfani da Ita

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Diko, garin nan da ke kusa da Suleja a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, ko kuwa a wani gari mai kama da shi, ya san halin wutar lantarki bayan sallar magariba. Da zarar mutane sun koma gida sun kunna kayansu, sai ƙwan lantarki ya yi ja, fanka ta rage gudu, wani lokaci kuma a ji ƙara daga wajen taransifoma, unguwa ta yi duhu. Akan ce laifin masu ba da wuta ne. Lalle suna da nasu rabon. Amma akwai wani ɓangare na maganar wanda ba a cika bayyana wa jama'a ba, watau lokacin da kowane gida da kowane shago yake jan wutar. An rubuta wannan ɗan littafi domin mai karatu ya fahimci wannan ɓangare, ya san abin da zai iya yi, ya kuma san haƙƙin da doka ta ba shi.

Daga Ina Wutar Take Zuwa?

Jihar Neja, inda Diko yake, ita ce cibiyar wutar da ake samu daga ruwa a ƙasar nan. An buɗe madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ta Jebba da ke iyakar Neja da Kwara a 1985, ta Shiroro a 1990, sa'an nan aka kammala ta Zungeru a 2023. In an haɗa ƙarfin injinan da aka kafa a waɗannan wurare huɗu, ya haura megawat 2,600. Duk da haka, kimanin kashi uku cikin huɗu na wutar da ke bin manyan layukan ƙasa daga tashoshin iskar gas take fitowa, kuma yawancinsu suna kudu.

A 1972 aka kafa hukumar NEPA, ita ke samar da wuta, ita ke ɗauko ta, ita ke sayarwa. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta wargaza wannan tsari, ta kuma kafa hukumar NERC mai sa ido a kan harkar da tsayar da farashi. A watan Nuwamba na 2013 aka miƙa kamfanonin samar da wuta da kamfanoni 11 na rarraba ta ga 'yan kasuwa, manyan layuka kuwa suka ci gaba da zama a hannun Gwamnatin Tarayya ƙarƙashin kamfanin TCN. A wannan rabo, yankin Suleja da Diko ya faɗa hannun kamfanin rarraba wuta na Abuja, watau AEDC.

Tun daga sa'an nan wutar lantarki ta zama haja a kasuwa. Mai tasha yana sayarwa, mai rarrabawa yana saye ya sayar, kuɗin kuwa duk daga aljihun mai amfani da ita suke tasowa, ban da tallafin da gwamnati ke cikewa da shi. Saboda haka, kai da ke biyan kuɗin wuta kana cikin wannan kasuwa, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Wuta Ba Ta Ajiyuwa a Kan Waya

Manomin Diko yakan haƙe doyarsa ya ajiye, ya fito da ita kasuwa a ranar da ya ga dama. Wutar da ke kan manyan layuka ba ta yarda da haka. A daidai lokacin da ka danna makunni, a wannan lokaci ne wani inji a Shiroro ko a Egbin ta Jihar Legas yake samar da wutar da ka ja. Tilas abin da ake samarwa da abin da ake ja su yi daidai a kowane lokaci, dare da rana.

Ma'aikatan cibiyar kula da layukan ƙasa da ke Oshogbo suna da ma'aunin da ke nuna musu wannan daidaito. An tsara wutar Nijeriya ta riƙa bugawa sau 50 a cikin sakan ɗaya. In jan wuta ya fi ƙarfin injina, sai bugun ya ragu, kamar yadda babbar mota mai kaya takan rage gudu in ta kama hawan tudu. In ya ragu ƙwarai, injinan sukan kashe kansu don kada su lalace, ɗaya na bin ɗaya, har ƙasa duka ta yi duhu. Don gudun haka ne ma'aikatan kan ba da umurni a yanke wa wasu layuka wuta tun abin bai kai can ba.

Ga inda matsalar take. Ƙarfin injinan da aka kafa a ƙasar nan ya kai wajen megawat 13,000, amma abin da kan isa kan layuka yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000. Ko a watan Maris na 2025, da aka yi murnar kaiwa ƙololuwa, abin bai wuce kimanin megawat 5,800 ba. Wannan shi ake raba wa al'umma mai mutum fiye da miliyan 200. Abin da ya yi ƙaranci haka, tilas a lura da yadda ake cinsa da lokacin da ake cinsa.

Lokacin Cunkoso

Jan wuta yana hawa yana sauka kamar cikar kasuwa. Da tsakar dare yana ƙasa. Da safe yakan tashi, amma babban cunkoso daga magariba ne zuwa wajen ƙarfe goma na dare. Har wa yau yakan ƙaru da bazara, lokacin da kowa ke neman fanka da ruwan sanyi, kuma a wannan lokaci ne ruwan madatsu yake ja baya kafin damina ta kankama.

Bari mu yi lissafi da misali. A ce akwai unguwa mai gida 300, suna kan taransifoma irin wadda aka rubuta wa lamba 300, wadda nauyin da take ɗauka lafiya bai wuce kilowat 240 ba. Kilowat ɗaya wat dubu ne. In kowane gida ya kunna fitilu da fanka da talabijin da firji, a ce wat 500, jimla ta zama kilowat 150. Taransifoma tana zaune lafiya. To, sai gida 100 daga cikinsu suka jona dutsen guga ko hitar dafa ruwa, kowanne wat 1,000. An ƙara kilowat 100 ke nan, jimla 250. An wuce iyaka, alhali kuwa ba a ma lissafa mai injin niƙa da mai walda ba. Daga nan sai wuta ta yi rauni, fis ya tsinke, ko kuwa man da ke cikin taransifoma ya yi ta zafi dare bayan dare har ta ƙone.

Yanzu a ce waɗannan gidaje 100 sun yi gugarsu da hantsi, ko da asuba. Yawan wutar da suka ci bai canja ba, tufafinsu kuma sun gogu. Amma taransifoma ba ta taɓa wuce kilowat 150 da dare ba. Abin da ya canja shi ne lokaci kawai.

Mene ne Sassauta Buƙata?

Hanya biyu ce ta daidaita wuta. Ta farko ita ce a ƙara tashoshi da wayoyi da taransifomomi har su iya ɗaukar nauyin lokacin cunkoso. Wannan aiki ne na shekaru da kuɗi masu ɗimbin yawa, kuma kayan da aka kafa domin awa uku ko huɗu na dare sukan wuni ba su aiki sosai, alhali mai amfani da wuta ne zai biya kuɗinsu. Hanya ta biyu ita ce masu amfani da wuta su rage nauyinsu a lokacin cunkoso, ko su kai shi wani lokaci. Wannan shi masana harkar ke nufi da sassauta buƙata. Kowane kilowat da aka ɗage daga lokacin cunkoso daidai yake da kilowat da aka gina sabuwar tasha don samar da shi.

Ba kowane aiki ke ɗaguwa ba. Fitila sai da dare ake son ta, asibiti kuma ba ya jira. Amma guga tana jira, haka ɗora ruwa a tanki daga rijiyar burtsatse, da niƙan hatsi, da cajin batura, da yin ƙanƙara. Waɗannan kuwa su ne masu cin wuta da yawa.

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi

A Ingila, tun 1978 aka fito da wani tsarin farashi inda wutar awa bakwai na dare take da araha ƙwarai. Mutane suka riƙa ɗumama ruwansu da ɗakunansu a wannan lokaci. Ma'aikatan wutarsu sun daɗe da sanin ƙarfin abin da jama'a suka yi tare: a daren da Ingila ta buga da Jamus ta Yamma a gasar cin kofin duniya ta 1990, da aka tashi wasa mutane suka ruga dafa shayi, sai jan wuta ya yi tsalle da kimanin megawat 2,800 cikin 'yan mintoci. Da hunturun 2022 zuwa 2023 kuma suka fito da shirin biyan mutane lada in sun rage wuta a sa'o'in da aka sanar, gidaje da wuraren sana'a kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari shida suka shiga.

A Faransa akwai tsarin da ya kasa kwanakin shekara gida uku: shuɗi, fari da ja. Ranakun ja 22 ne kacal a shekara, wutarsu tana da tsada da rana, kuma akan sanar da mutane tun ana gobe don su shirya. A Afirka ta Kudu, kamfanin Eskom ya fara nuna alama a talabijin tun 2006, yana roƙon mutane su kashe tukunyar ɗumama ruwa da sauran kaya masu nauyi in layuka sun cika.

Misali mafi kusa da mu shi ne na Ghana. A 2007, da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, gwamnatinsu ta raba ƙwayayen lantarki marasa cin wuta guda miliyan shida kyauta, ta karɓe tsofaffin. Wannan kaɗai ya rage nauyin lokacin cunkoso da kimanin megawat 124, watau kamar an gina wata tasha ba tare da an aza tubali ko ɗaya ba.

Halin da Ake Ciki a Nijeriya

Ya kamata a faɗi gaskiya: magidanci a Nijeriya yana biyan kuɗi ɗaya ne a kan kowane yunit, ko da rana ya ci shi ko da dare. Saboda haka ladan ɗage aiki daga lokacin cunkoso ba ya fitowa a takardar kuɗin wutarsa. Yana fitowa ne a lafiyar taransifoma da lafiyar kayan gidansa. Duk da haka, an riga an buɗe wa mai amfani da wuta ƙofofi huɗu.

Ta farko ita ce farashi bisa ga yawan sa'o'i. Tun 2020 aka kasa layuka rukuni biyar. Rukunin A ya kamata ya sami wuta aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A watan Afrilu na 2024 NERC ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 a kan yunit, sa'an nan aka rage shi zuwa ƙasa da naira 210 a watannin da suka biyo. Tare da wannan ƙari aka gindaya sharaɗi cewa layin rukunin A da ya yi kwana bakwai a jere bai cika sa'o'insa ba, a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da abin da yake samu. Wanda bai san rukuninsa ba, ba zai san ko an cika masa alkawari ba.

Ta biyu ita ce mita. Mita ita ce mudun wannan kasuwa. Mai mitar kati yana ganin abin da dutsen guga ya ci masa, yana kuma cin moriyar tattalinsa nan take. Wanda ake yi wa kuɗin ƙiyasi kuwa, ko ya kashe fitila ko ya bar ta kwana, ba ya ganin bambanci, don haka ba ya kashewa. A ƙarshen 2024, cikin masu rajistar wuta fiye da miliyan 13, masu mita ba su kai rabi ba. An fito da tsarin kamfanonin samar da mita a 2018, da shirin raba mita na ƙasa a 2020, kuma a shekarar 2020 ɗin NERC ta sa iyaka ga abin da za a ƙiyasta wa wanda ba shi da mita.

Ta uku ita ce sayen wuta kai tsaye. Tun 2017 aka ba manyan masana'antu da suka cika sharuɗɗa izinin ƙulla ciniki da mai tasha, su biya kuɗin bin waya kawai. Wannan bai shafi magidanci ba, amma ya nuna cewa mai saye yana iya zaɓen wanda zai saya a hannunsa.

Ta huɗu ita ce ƙananan tashoshin hasken rana na gari ko na kasuwa. Doka ta yarda mutum ya samar da wutar da ba ta wuce megawat ɗaya ba ba tare da lasisi ba, akwai kuma ƙa'idoji na musamman ga masu kafa irin wannan tasha don sayar wa jama'a. An kafa wa 'yan kasuwar Sabon Gari ta Kano wutar rana a 2018, an buɗe ta ƙauyen Rokota a ƙaramar hukumar Edati ta Jihar Neja a 2019, an kuma yi ta garin Toto a Jihar Nasarawa wadda ke haɗe da babban layi. A irin waɗannan tashoshi lokaci yana da muhimmanci ƙwarai. Wutar tsakar rana daga faranti take zuwa kai tsaye, ta dare kuwa sai ta bi ta batura masu tsada. Garin da masu niƙa da masu walda suka yi aikinsu da rana, tasharsa ba ta buƙatar batura da yawa, abin da ke taimakawa wajen sauƙin farashi ga kowa.

Wata Tambaya Mai Ƙarfi

Mai karatu yana iya cewa: “Yaya zan zaɓi lokacin guga, alhali ban san lokacin da za a kawo wuta ba? In ta zo da magariba, ai tilas in yi komai a lokacin.” Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce babbar wahalar da ke gabanmu. Rashin tabbas ne ke sa kowa ya ruga ya jona komai da zarar an kawo wuta, wannan rugawa kuma ita ke sake kashe ta.

Maganin yana da hannu biyu. Wajibin kamfanin rarraba wuta ne ya cika sa'o'in rukunin da ya sa mutane a ciki, ya kuma sanar tun da wuri in zai yanke wuta don gyara. Inda ake yin karɓa-karɓa tsakanin unguwanni, jama'a su nemi a tsayar da jadawali a bayyana shi, domin wanda ya tabbata za a ba shi wuta gobe da hantsi ba zai yi guga da magariba ba. Wajibin jama'a kuwa shi ne, ko wutar ta zo a lokacin da ba a zata ba, kada a ɗora mata dukan kaya lokaci guda.

Abin da Kowa Zai Iya Yi

1. In an kawo wuta, a dakata 'yan mintoci kafin a kunna firji da famfo da na'urar sanyaya ɗaki, kuma a kunna su ɗaya bayan ɗaya. Injinan da ke cikinsu sukan ja wuta ninki da yawa a lokacin tashi.

2. A guji guga da dafa ruwa da girki da wuta tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare, muddin akwai wani lokacin.

3. A ɗora ruwa a tanki da rana ko da asuba. Tanki wurin ajiya ne, ruwan da aka ɗora da safe yana nan har dare.

4. A canja tsofaffin ƙwayaye masu wat 60 da na zamani masu wat 10, haskensu ɗaya ne. In gidaje 300 na misalinmu suka canja ƙwai biyar-biyar, an sauke wa taransifoma kilowat 75 a daidai lokacin da ta fi jin nauyi.

5. Masu injin niƙa, da masu walda, da masu ƙanƙara, su zauna da masu unguwa a tsara lokacin aiki, yadda ba za su tashi injinansu gaba ɗaya da dare ba.

6. Mai na'urar ajiye wuta a batura ya lura, domin takan ja wuta da yawa da zarar an kawo. In tana da faranti, a bar rana ta yi cajin.

7. Kada a yi satar wuta ko a zagaye mita, kada kuma a rufa wa mai yi asiri. Nauyin da ba a lissafa ba shi ke ƙona taransifoma, kuma dokar lantarki ta 2023 ta tanadi tara ko ɗauri.

Haƙƙinka da Hanyar Kai Kuka

Kana da haƙƙin a sa maka mita, da sanin rukunin layinka, da samun bayanin yadda aka lissafa kuɗinka. Sayen taransifoma da turaku da wayoyi, da gyaransu, nauyin kamfanin rarraba wuta ne. In jama'a sun ga dama su sa kuɗinsu don gaggawa, to, a yi yarjejeniya a rubuce tukuna, wadda ta bayyana yadda za a mayar musu.

In kana da ƙorafi, fara da ofishin sauraron koke na kamfanin, a rubuce, ka ajiye kwafi. Ana ba shi kwana 15 na aiki ya warware. In bai yi ba, sai ka ɗaukaka zuwa hukumar da ke sa ido. A nan akwai sabon abu. Dokar 2023 ta ba jihohi ikon kula da kasuwar wuta a cikin iyakokinsu, kuma a 2025 NERC ta ba da umurnin miƙa wannan iko a Jihar Neja ga hukumar lantarki ta jihar. Saboda haka mutumin Diko ko Suleja ko Minna ya nemi hukumar jiharsa. A jihohin da ba su karɓi wannan iko ba, ofisoshin sasanta koke na NERC su ne matakin gaba. Kuka ya fi ƙarfi in yana da shaida, don haka yana da kyau kowace unguwa ta sa mutum ɗaya ya riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, kowace rana.

Roƙo ga Jama'a

Gina tashoshi da jan layuka aikin gwamnati ne da kamfanoni, kuma zai ɗauki lokaci. Tsara lokacin amfani da wuta kuwa ana iya fara shi yau, ba tare da an kashe ko kwabo ba. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: gida ɗaya da ya ɗage gugarsa ba zai ceci taransifoma ba, amma gida ɗari za su cece ta. Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni, da limamai da shugabannin majami'u, da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da na sana'a, su karanta wa jama'arsu wannan bayani, su kuma zauna su tsayar da lokutan da suka dace da unguwarsu. Wanda ya gama karanta wannan ɗan littafi ya miƙa wa maƙwabcinsa, domin taransifoma ɗaya suke ja.